Yadda Ake Saita Intakom Na Ofis Da Yadda Ake Aiki Da Shi

A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, an kira ni wani asibiti mai zaman kansa domin in duba intakom ɗinsu, wato wayoyin da ke haɗa ɗakunan ma'aikata da juna, da suka ce ya lalace. Ina zaune a ɗakin karɓar baƙi sai na ga wata ma'aikaciyar jinya ta ratsa tsakar asibitin har sau uku da rana tsaka, tana kai saƙo daga ɗakin magani zuwa ofishin likita, alhali ga waya a kan teburinta an jibga mata takardu har ba a ganin maɓallanta. Da na buɗe akwatin na gwada, babu abin da ya ƙone. Wanda ya kafa na'urar ya jona igiyoyi ne kawai, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bai saita komai ba, bai kuma koya wa kowa komai ba. Duk kiran da ya shigo sai wayoyi takwas su ɗauki ƙara lokaci guda, har da ta ɗakin marasa lafiya, shi ya sa aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka zare. Aikin da aka bari ba a yi ba a wannan asibiti shi ne zan bayyana a nan, daki-daki.

Zan yi misali da akwatin Panasonic KX-TES824, domin shi na fi tararwa a otal-otal, asibitoci, makarantu da ofisoshin masana'antun shinkafa daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Jega. Lambobin da zan kawo nasa ne da na 'yan uwansa na kusa. Wanda ke da wayoyin da ke aiki ta intanet, irin su Yealink ko Grandstream, zai ga lambobinsa sun bambanta, amma tambayoyin da zai amsa su ne dai waɗannan.

Sanin kayan aiki

Tsarin kashi uku ne. Akwai akwatin uwa da ake kafewa a bango, wanda yake zuwa da ramukan layin waje 3 da na wayoyin ciki 8, ana kuma iya ƙara masa kati ya kai layin waje 8 da wayoyin ciki 24. Akwai wayoyin tebur, su kuma iri biyu ne: mai allo da maɓallai da yawa, wato KX-T7730, wadda da ita ake saita komai, da kuma gama-garin waya mai lambobi kawai. Mai allon tana buƙatar igiya mai sili huɗu, kuma a kan igiya mai kaurin rabin milimita ba ta son nisan da ya wuce mita 200 da 'yan kai, gama-garin kuwa sili biyu ya ishe ta, tana kuma iya kai kilomita guda. Saboda haka ɗakin maigadi da sito da ke can ƙarshen fili gama-garin waya ta dace da su.

Kashi na uku shi ne layin waje, kuma a nan ne yanayinmu ya bambanta da abin da ke cikin littafin kamfani. An ƙera akwatin ne domin layin ƙasa irin na NITEL, wanda ya yi ta ja da baya tun da wayar salula ta shigo a 2001. Abin da ake yi yanzu shi ne a sayi ƙaramin akwatin sim mai eriya, a sa masa layin MTN, Airtel ko Glo, a ja igiya daga gare shi zuwa ramin layin waje na farko. Kafin a kafe shi a zaga da wayar hannu mai irin wannan layi, a nemo inda sabis ya fi ƙarfi, yawanci kusa da taga. Shawarata ita ce a yi rajistar layin da sunan ma'aikata, ko aƙalla da sunan mai wurin, domin tun daga Disamban 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma na ga ofishin da ya rasa lambar da abokan cinikinsa suka sani shekara da shekaru saboda magatakardan da aka yi rajista da sunansa ya bar aiki.

Takarda kafin maɓalli

Kada a taɓa wayar saiti sai an zauna da shugaban ofis an cika takarda guda. A ja layuka, a rubuta kowane ɗaki da lambar ramin da igiyarsa ta shiga da lambar da za a riƙa kiransa da ita. Akwatin yana zuwa da lambobi a jere, rami na 01 shi ne 101, na 02 shi ne 102, haka har 124, kuma in babu wani dalili mai ƙarfi gara a bar su haka. Sannan a gaban kowane ɗaki a amsa tambayoyi uku: shin wayar nan za ta yi ƙara idan an kira daga waje, shin za ta iya kiran waje, in kuma za ta iya, har ina aka yarda ta kai? A amsa su sau uku, na rana, na dare da na hutun azahar, domin akwatin yana da tsari daban ga kowane ɗaya daga cikin lokutan nan. Wannan zama yakan ɗauki rabin sa'a, wani lokaci har da 'yar muhawara a kan wanda ya cancanci layin waje, amma gara a yi ta a kan takarda da a dawo ana yi bayan kati ya ƙare cikin kwana biyu.

Lamba 101 ta mai karɓar baƙi ce ko sakatare, kuma a nan ake ajiye waya mai allo, domin daga rami na 01 ake shiga saiti.

Shiga saiti

Ba a ɗaga kan waya. A danna PROGRAM, sai tauraro da hash, wato * da #, sannan lambar sirri, wadda daga kamfani 1234 ce. Allo zai nemi lambar abin da ake son gyarawa. Kowane abu yana da lamba mai alƙaluma uku, kamar ɗakuna ne kowanne da ƙofarsa, don haka zan riƙa kiransu ƙofa. Da zarar an shiga, maɓallan sun sauya aiki, kuma wannan ne ke rikita sabon shiga. SP-PHONE ya zama na matsawa gaba, REDIAL na komawa baya, AUTO ANSWER na zaɓi tsakanin abubuwan da allo ke nunawa, AUTO DIAL/STORE na adanawa, TRANSFER na gogewa, HOLD kuma na fita daga ƙofa. FWD/DND da CONF su ke kai mutum dama da hagu a cikin layi guda. A rubuta wannan a 'yar takarda a ajiye gefe. Abin da ba a danna masa STORE ba, har aka ji ɗan ƙaran amsawa, bai zauna ba, ko da allo ya nuna shi.

A fara da ƙofa ta 000, ta kwanan wata da lokaci: shekara, wata, rana, ranar mako, sa'a, minti, safe ko yamma, sai STORE, sai HOLD. Ba abin rainawa ba ne, domin sauyin rana da dare a kan wannan agogo yake tafiya. Daga nan a wuce ƙofa ta 002 a sauya lambar sirri, a rubuta sabuwar a ba shugaban ofis a hannunsa. Ma'aikacin da ya riƙe lambar sirri shi kaɗai don a riƙa nemansa bai yi wa masu wurin adalci ba.

Ƙofa ta 400 ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma ke jawo ƙorafin da na fi ji, wato wani lokaci waya na fita, wani lokaci shiru. Dalili shi ne akwatin yana ɗauka duk ramukan layin waje a jone suke, saboda haka idan akwatin sim guda ne a rami na farko, kuma wani yana magana a kai, mutum na biyu da ya nemi waje sai a ba shi rami na biyu wanda babu komai a ciki. A shiga 400, a bar layin da ke da sim a matsayin jone, a bi sauran ɗaya bayan ɗaya a mayar da su ba a jone ba, ana danna STORE bayan kowanne. A leƙa 401 kuma a tabbatar an zaɓi DTMF, domin da sautin maɓalli akwatin sim ke gane lamba.

Wa zai ji ƙara, wa zai kira waje

Yanzu sai a ɗauko takardar nan. Ƙofofi 408, 409 da 410 su ke faɗin wayar da za ta yi ƙara idan kira ya shigo, ta farko da rana, ta biyu da dare, ta uku lokacin hutu. A cikin kowacce ana zaɓar layin waje, sannan a bi ramuka a buɗe wasu a rufe wasu. Da rana 101 kaɗai ya kamata ta yi ƙara nan take. Amma sakatare mutum ne, zai tashi ya kai takarda ko ya yi alwala, don haka a buɗe waya ta biyu, misali ta akanta, a je ƙofa ta 411 a jinkirta ƙararta da daƙiƙa 10 ko 15, yadda ba za ta dame shi ba sai in ba a ɗauka a gaba ba. Da dare a mayar da ƙarar ɗakin maigadi, ko teburin mai aikin dare in asibiti ne ko otal.

Hutun tsakar rana kuwa, wanda masu ƙera na'urar suka tanada domin cin abinci, mu ya yi mana daidai da sallar azahar. A ƙofa ta 006 ake zaɓar ko na'ura ta riƙa sauyawa da kanta ko a sauya da hannu, a 007 kuma ake sa lokutan, kuma kowace rana ta mako ana iya ba ta nata. Nakan tsawaita hutun ranar Juma'a, in kai ƙarar wurin wanda ke zama a ofis idan maza sun tafi masallaci. In an zaɓi sauyawa da hannu, daga 101 ake buga 781# domin rana, 782# domin dare, 783# domin hutu. Na fi son na'ura ta yi da kanta, domin ranar da sakatare ya manta ya tashi, duk kiran dare a ɗakin da ke kulle zai yi ta ƙara.

Ƙofofi 405, 406 da 407 su ne na izinin kiran waje, su ma rana, dare da hutu. Wayar da aka rufe a nan tana iya kiran kowane ɗaki, tana kuma karɓar kiran da aka tura mata, amma ba ta fita. Ɗakunan baƙi a otal, ɗakin girki da falon jira duk haka ya dace da su.

Sai kuma waɗanda aka yarda su kira waje amma da iyaka. Na'urar tana da aji biyar, kuma a ƙofofi 601 zuwa 603 ake sa kowace waya a ajinta. Aji na 1 ba shi da shamaki, shi ake ba shugaba. Abin da aka rubuta a ƙofa ta 302 ya haramta ga aji na 2, na 303 ya ƙaru a kan aji na 3, haka har 305, wato duk yadda lambar aji ta hau, haka takunkumin ke ƙaruwa. Misali mafi amfani a nan shi ne kiran ƙasashen waje, wanda daga Najeriya ake farawa da 009: in an rubuta 00 a ƙofa ta 302, an toshe shi ga duk wanda ba ya aji na 1. To amma Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, kuma ɗan kasuwar da ke da hulɗa ta garuruwan kan iyaka irin Kamba ko Lolo, kiran Gaya ko Dosso ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Irin wannan ofis sai a je ƙofa ta 306, inda ake keɓe lambobin da takunkumi bai shafa ba, a rubuta 009227 domin Nijar, 009229 domin Benin. Kada kuma a fita sai an sa 112 a ƙofa ta 309, domin lambar gaggawa ta wuce kowane aji.

Idan matsalar ofis doguwar hira ce a kan layi guda, a ƙofa ta 212 ake sa yawan mintuna, a 613 kuma a zaɓi wayoyin da iyakar za ta hau kansu. Na'ura takan yi ƙaran gargaɗi kafin ta yanke. Ni dai ba na sa wannan a kan wayar likita ko ta mai karɓar baƙi.

Abu na ƙarshe a saiti shi ne lambobin da ake yawan kira. Ƙofa ta 001 tana ɗaukar lamba 100, daga gurbi na 00 zuwa 99, kuma kowacce sai an fara ta da lambar fita waje, sannan alƙaluma 11 na layin. Lambar fitar 9 ce a akasarin akwatunan da na gani, amma akwai waɗanda aka yi wa wasu ƙasashe inda 0 ce, don haka a gwada tukuna. A 604 ake rubuta sunan kowane ɗaki yadda zai fito a allo. In an gama sai a danna PROGRAM a fita. Ƙofa ta 999 kuwa ta goge saiti ce, kada hannu ya kai can da sunan gwaji.

Aikin yau da kullum

Duk wannan wahala ba ta da amfani in ma'aikata ba su iya tura kira ba, kuma a nan nake ɓata mafi yawan lokacina ranar miƙa aiki. Kiran ciki ba shi da wuya, a ɗaga kan waya a buga lambar ɗaki. Kiran waje kuma a buga 9, a saurari sautin layi, sannan a buga lambar. Akwatin sim yakan yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya tura, kada a ɗauka ya mutu a ajiye.

Turawa a waya mai allo ita ce a danna TRANSFER, a buga lambar ɗaki, a jira a ɗauka, a gabatar da mai kira, sannan a ajiye kan waya. Gabatarwar nan ita ce ladabin aikin. Sakatariya za ta ce wa mai kira, "Alhaji, a ɗan yi haƙuri in haɗa ka da shi," in shugaba ya ɗauka ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙonka na Yawuri ne a kan layi, kan maganar buhunan shinkafa." In ya ce ba yanzu ba, sai ta danna maɓallin layin da ke ƙyaftawa ta koma wa mai kira ta ba shi haƙuri, ta karɓi saƙo. Wanda ya tura ba tare da gabatarwa ba ya ajiye, in ba a ɗauka a can ba kiran zai dawo masa bayan ɗan lokaci, don haka kada ya yi nisa.

A gama-garin waya babu TRANSFER, sai maɓallin FLASH ko RECALL. In babu shi, ana taɓa ɗan harshen nan da kan waya ke dannewa idan an ajiye shi, taɓawa guda mai sauri kamar ƙyaftawar ido. Wanda ya danne ya riƙe ya kashe kiran ke nan. Nakan sa kowane ma'aikaci ya yi wannan sau uku a gabana, ina kiransa da wayar hannuna, har hannunsa ya saba. Wani dattijo maigadi da na koya wa ya yanke ni sau biyu, a na uku ya tura ni ofishin akanta daidai, ya dube ni ya ce, "Ashe abin taɓi ne, ba danna ba." Tun daga wannan rana, da kalmominsa nake koyar da wasu.

Sauran lambobin da suka cancanci a sani kaɗan ne. In wayar abokin aiki tana ƙara ba ya nan, ba sai an tashi ba, ka ɗaga wayarka ka buga 4 da lambarsa, ko 40 in an sa wayoyinku a rukuni ɗaya wurin saiti. In za a koma wani ɗaki na wuni, a buga 711, lambar ɗakin, sai #, duk kira zai bi ka can, 712 kuma ba ya turawa sai in kana kan layi ko ba ka ɗauka ba. Mai taro da ba ya son a dame shi ya buga 714#. Duk ukun da 710# ake soke su, kuma rabin wayoyin da ake ce mini sun daina ƙara wannan lambar kaɗai ke tashe su. In ka kira ɗaki ka ji ana magana, buga 6 ka ajiye, na'ura za ta kira ka da kanta idan ya gama. Lambobin da aka adana kuwa, a gama-garin waya tauraro ake dannawa sai lambar gurbi. Wanda ke tsoron a yi amfani da wayarsa bayan ya tashi ya buga 77, lambar sirri mai alƙaluma huɗu sau biyu, sai #, da safe kuma 77, lambar sau ɗaya, sai #.

Kuɗin layi ba a duba shi ta wayar tebur, domin amsar *310# ba ta fitowa a can. A ɗora wa mutum guda alhakin sa kuɗi ta manhajar banki a rana tsayayya kowane wata.

Wuta, tsawa da ƙura

Akwatin ba ya mantar saitinsa in an ɗauke wuta, amma wayoyi sukan mutu har ta dawo, kuma sauyawa daga wutar gari zuwa janareto yakan yanke duk maganar da ake yi. A jona shi da akwatin sim a kan inbata ko UPS, ba sa cin wuta sosai. Da damina kuwa tsawa ce babbar abokiyar gaba, musamman inda aka ja igiya a sarari daga gini zuwa gini. A binne irin wannan igiya cikin bututun roba, wanda zai kare ta daga gara da ɓera da zafin rana, a kuma haɗa akwatin da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa ta wurin da aka tanada a jikinsa. Kada a kafe shi a bangon da rana ke duka da yamma, kada kuma a lulluɓe shi da tsumma da hunturu don gudun ƙura, domin ta ramukan jikinsa yake shan iska. Busasshen buroshi sau ɗaya a wata ya isa. Tun ƙarshen 2020 Panasonic ya sanar da cewa zai daina ƙera irin waɗannan na'urori, saboda haka ofishin da ya dogara da su ya nemi waya mai allo guda ya ajiye, domin in ta 101 ta lalace babu ta inda za a shiga saiti sai da kwamfuta ta ramin USB.

Kafin mai aiki ya tafi, a yi gwaji a gaban shugaban ofis. A kira layin daga wayar hannu a yanayin rana, a ga 101 ta yi ƙara, a ƙi ɗauka a ga ta biyu ta biyo baya. A sauya zuwa dare a ji ƙarar a ɗakin maigadi. A je wayar da aka hana fita a buga 9 a ji ta ƙi, a je ta aji na 2 a gwada 009 da lambar wata ƙasa, sannan a gwada ta Nijar. A zare wutar bango a tabbatar inbata ta ɗauka. Daga nan a buga jerin lambobin ɗakuna da lambobin turawa da sokewa a ƙananan katuna, a manna ɗaya a gefen kowace waya, takardar tsarin kuma a yi mata kwafi biyu, ɗaya a fayil ɗin shugaba, ɗaya a cikin leda a rataye kusa da akwatin.